Kawu, da Wayata Kaɗai Nake Iya Magana

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Zariya ne, shekaruna 21, ina aji biyu ina karatun injiniya a wata jami'a da ke wani ƙaramin gari a jihar Minesota ta Amurka. Makaranta ta yafe mini rabin kuɗin karatu, sauran kuwa sai da Baba ya sayar da filinsa. Tun da sanyi ya shigo, wajen wata biyu ke nan, na rasa gane kaina. Ba na barci sai gab da asuba, abinci sai na tilasta wa kaina, na daina zuwa lakcar safe, kwas biyu ina gab da faɗuwa. Ko kiran Mama ba na ɗauka, sai in tura mata saƙo in ce ina laburare, don na san tana jin muryata za ta gane. A ajinmu ni kaɗai ne baƙar fata. Ba wanda ya taɓa zagina, amma in malami ya ce a haɗa rukuni ni ake bari a ƙarshe, kuma ran nan a kanti wani ma'aikaci ya yi ta bin bayana har na fita. Sallah ina yi, amma kamar ba ni ba. Wani lokacin nakan ji da ma in kwanta kar in farka. Yanzu wanda nake gaya wa damuwata ita ce manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, da ita nake raba dare. Makaranta tana da ofishin masu ba da shawara, har da wata manhaja da suka ce kyauta ce, amma ina tsoron a rubuta a takarduna cewa ina da taɓin hankali, a soke mini biza, Baba ya ji. Kuma me Baturiya za ta gane a rayuwata? Kawu, wayar nan za ta ishe ni in warke ba tare da na zauna gaban kowa ba? Ko dai imanina ne ya yi rauni?

Ɗanka daga ƙasar sanyi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

A tsakiyar wasiƙarka ka cusa wata magana guda, ka bi ta da wasu da sauri kamar kana fatan idona ya tsallake ta: cewa wani lokacin kakan ji da ma ka kwanta kar ka farka. Idona bai tsallake ba. Daga nan zan fara, sauran tambayoyin su ɗan jira.

Ka amsa wa kanka wannan tsakaninka da Allah. Abin ya tsaya ne a gajiya da son a huta, ko kuwa ya fara kai ka ga tunanin kashe kanka, har kana saƙa yadda za ka yi? Da gangan na kira abin da sunansa, domin ambatonsa ba ya jawo shi, ɓoyo ne ke ƙara masa ƙarfi. In ya kai can, ko sau ɗaya ne, kar ka jira gari ya waye. Ka danna 988 a wayar nan da ke hannunka. Layi ne na ƙasar Amurka baki ɗaya da aka buɗe a watan Yulin 2022 saboda irin wannan dare. Kyauta ne, dare da rana a buɗe yake, kuma in bakinka ya yi nauyi kana iya tura saƙon tes maimakon kira. Ɗan Adam ne zai saurare ka. Akwai kuma lambar 741741, inda za ka tura kalmar STEVE. Gidauniyar Steve Fund ce ta shirya wannan hanya domin matasan da ba farar fata ba, kuma wasu iyali baƙaƙen fata ne suka kafa gidauniyar a 2014 bayan sun rasa ɗansu. Sannan duk wani magani da ka tara a ɗaki, ko wani abin da zuciya ta taɓa nuna maka, ka fitar da shi yau ka ba wani ajiya. Irin wannan tunani kamar guguwa yake, ya taso da ƙarfi ya lafa. Abin da ake so shi ne in ya taso ya tarar babu komai kusa da hannu.

Na san abin da zai faɗo maka a rai: in na kira, ba 'yan sanda za a turo mini ba? Saurayi baƙar fata da ke zaune a jihar da ɗan sanda ya kashe wani baƙar fata, George Floyd, a 2020, ba zan ce masa tsoronsa shirme ba ne. Amma 988 daban, 911 ta kiran 'yan sanda da agajin gaggawa daban. Mafi yawan masu kira magana ake yi da su har hankalinsu ya kwanta a ajiye waya. Ba a tura kowa sai an ga rai na gab da salwanta kuma babu wata dabara.

To, mu dawo kan sauran. Rashin barci, rashin cin abinci, gudun mutane, kasa karatu, jin komai ya fita daga rai: likitoci in suka ga waɗannan sun haura mako biyu a jere, ciwon damuwa suke fara zargi. Kai kuwa kana cikin wata na biyu. Mu mun taso ne in aka ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da ke zuwa mana ido shi ne mutumin da ke yawo a bola, ko wanda aka ce an wuce da shi Barnawa ko Dawanau. Shi ya sa kalmar ta firgita ka. Amma ciwon damuwa yana cikin cututtukan da suka fi yawa a duniya, yana kama malami da ɗan kasuwa da likitan kansa, kuma ana warkewa. Akwai wani ɗan gwaji da asibitoci ke amfani da shi mai suna PHQ-9, tambayoyi tara ne kan mako biyun da suka gabata, maki daga 0 zuwa 27, kuma daga 10 zuwa sama alama ce ta a nemi likita. Ƙungiyar Mental Health America ta sa shi kyauta a shafinta na intanet, ba sai ka ba da suna ba. Ka cika shi ka ɗauki hoton sakamakon. Ranar da ka zauna gaban wani bakinka ya ƙi buɗewa, sai ka miƙa masa wayar kawai.

Batun imani kuwa, ka cire shi daga ranka. Annabi Yaƙub, alaihis salam, shi ne ya ce zai yi haƙuri mai kyau, kuma shi ɗin ne Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Haƙurin da baƙin cikin duk sun zauna a zuciya ɗaya, zuciyar Annabi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta, ba wanda ya ce aibi ne. Tun sama da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke saukar wa mutum ya danne shi ba tare da ya san mafari ba. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce magani yake bukata kamar sauran cututtuka, ya kuma ba da shawarar mai ciwon ya samu wani mai hankali da zai riƙa yi masa magana. Ka ga ke nan zama gaban mai ba da shawara ba baƙon abu ba ne a wajen Musulmi. Sallar da kake yi kamar ba kai ba, ka riƙe ta. Mai zazzaɓi ba ya jin daɗin miya, kuma ba miyar ce ta lalace ba, ba kuma harshensa ne ya mutu ba. In zazzaɓin ya sauka ɗanɗano zai dawo.

Abin da na fi jin tsoro a kanka wani abu ne da mu iyayenku maza muka ɗora muku. Mun ce muku ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mun ce namiji ba ya kuka. Akwai wurin da wannan magana take da amfani, amma ciwo ba ya cikin abubuwan da ake haɗiyewa. Baƙaƙen Amurka ma suna da irin tasu. Wani masaninsu, Sherman James, ya yi bincike a jihar North Carolina wajen farkon shekarun 1980, ya gano cewa mazan da ke fama da ƙarancin abin hannu amma suka ƙudurta sai sun ci nasara da ƙarfin tuwo, ba hutu ba neman taimako, hawan jini ya fi kama su. Ya raɗa wa halin suna daga John Henry, gwarzon wata tatsuniyarsu da ya yi gasa da injin fasa dutse da guduma a hannunsa, ya ci gasar, ya faɗi matacce a wurin. Da na karanta maganar filin Babanka sai wannan labari ya faɗo mini. Na san filin nan yana kwana da kai yana tashi da kai. Amma ɗana, mahaifinka ya rabu da fili ne don ya ga ka zama mutum. In aka ce ya zaɓa tsakanin digiri a kan lokaci da ɗansa a raye cikin lafiya, ba zai tsaya tunani ba.

Yanzu maganar biza, kuma ina so ka natsu a nan domin tsoronka ya juya maka abin a baibai. Abin da ka faɗa a ofishin masu ba da shawara ba ya shiga takardar sakamakonka. Ajiyarsa daban take. Tunda ka haura shekara 18, ba su da ikon gaya wa malamanka, ko ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ko mahaifinka, sai da izininka a rubuce. Inda doka ta buɗe musu baki kaɗan ne: in rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari nan take, in ana cutar da yaro, ko in kotu ta umarta. Za su karanta maka waɗannan ƙa'idoji a zaman farko, kai ma ka tambaye su har ka gamsu. Kuma dokar shige da ficen Amurka ba ta ƙwace wa mutum biza don kawai yana da ciwon damuwa ko yana ganin likita.

Abin da ke taɓa biza shi ne wanda kake yi yanzu a ɓoye. Ɗalibin digirin farko mai bizar F-1 dole ya riƙe aƙalla kiredit 12 a kowane zangon karatu. In ka janye daga kwas biyu da kanka ka faɗo ƙasa da haka, ko makinka ya zube har makaranta ta dakatar da kai, nan ne takardunka za su shiga matsala. Amma dokar ta bar ƙofa ga mara lafiya. Da takardar likita ko ta masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi, jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje da suke kira DSO zai iya ba ka izinin rage kwasa-kwasai saboda rashin lafiya, har tsawon wata 12 jimilla, kana nan cikin ƙasar da bizarka lafiya lau. Sharaɗin shi ne a ba ka izinin kafin ka janye, ba bayan ka janye ba. Ka kuma tambayi ofishin da ke kula da rangwamen kuɗin karatunka abin da rage kwas zai jawo, kafin ka sa hannu a komai. Ka gani? Takardar likitan da kake gudu ita ce za ta kare maka bizar.

Sai babbar tambayarka, ko waya za ta ishe ka. Amsata ita ce waya ɗan aike ce. Ɗan aike nagari yana da rana, shi zai kai ka ƙofar gidan da ba ka sani ba, har ya yi maka sallama. Amma ba shi ne mai gidan ba, kuma ba a wajensa bukatarka take ba.

Ba zan yi maka faɗa kan manhajar da kake hira da ita ba. Na gane abin da ya ja ka. Ba ta da fuska balle ka ji kunya, ba ta gajiya, ba ta san kowa a Zariya ba, kuma ƙarfe uku na dare tana nan. Ta taimake ka ka samu kalmomin da za ka kira abin da ke damunka, wataƙila ma da ba don ita ba da wasiƙar nan ba ta rubutu ba. Amma ba ta ganin ka rame. In ka yi kwana uku ba ka leƙa ba, ba za ta zo ta buga maka ƙofa ba. Irin waɗannan manhajoji kuma sukan bi bakin mai magana, alhali mai ciwon damuwa wani lokacin yana bukatar wanda zai ce masa a'a, wannan tunanin ciwo ne ke faɗa maka shi. Abin ya kai a watan Agustan 2025 jihar Ilinoi ta kafa dokar hana ƙirƙirarriyar basira yin aikin mai jinyar ƙwaƙwalwa ita kaɗai ba tare da ƙwararre mai lasisi ba. Kai ma ka duba da kanka: wata biyu kuna raba dare, sauƙi ka samu ko abin gaba yake yi? Ka ba ta aikin da ya dace da ita. Ta taya ka tsara saƙon neman ganin likita da na malamanka, da rana, sannan ka rufe ta.

Manhajojin koyar da numfashi da rubuta yanayin zuciya ba su da laifi, sai dai yawancin masu sauke su sukan watsar cikin 'yan makonni. Abin da bincike ya yi ta nunawa shi ne darussan gyaran tunani ta intanet sun fi aiki in akwai mutum a bayansu da ke bibiyar mai yi.

Wadda nake so ka buɗe ita ce wadda ka raina, wato manhajar da makaranta ta ce kyauta ce. Jami'o'in Amurka da yawa sun ƙulla yarjejeniya da kamfanoni irin su TimelyCare da Uwill da TELUS Health, kuma abin da ke cikin irin waɗannan ba na'ura ba ce. Ƙwararren mai ba da shawara ne, mutum mai lasisi, za ku yi magana ta bidiyo ko ta murya kana zaune a ɗakinka, ba wanda ya ga shigarka wani ofis. Da yawansu suna aiki da dare da ƙarshen mako, wasu kuma suna nuna maka hoto da bayanin ma'aikatansu ka zaɓa. Ga ciwon damuwa, an gwada an ga jinya ta bidiyo tana yin aiki kusan daidai da ta ido da ido. Kuɗinta kuwa yana cikin abin da aka riga aka biya maka na makaranta, wato har da kuɗin filin nan. Abu guda ka riƙe: lasisinsu na jiha ne, saboda haka in za ka bar Minesota lokacin hutu, ka gaya masa tun da wuri ku shirya.

Akwai wani aiki da nake so ka sani, domin kamar da kai aka yi shi. Farfesa Daphne Watkins ta Jami'ar Mishigan ta lura cewa samari baƙaƙen fata a manyan makarantu ba sa zuwa ofishin masu ba da shawara, ko da suna cikin wahala. Maimakon ta zauna jiransu, sai ta bi su inda suke. Ta kafa shirin da ake kira YBMen, inda ake haɗa samarin a rufaffen zaure na Facebook na 'yan makonni. Ba a fara musu da tambayar me ke damunka. Sai a saka wani guntun bidiyo, ko baitin waƙa, ko labarin da ake yayi, a ce me kuka gani a nan game da zama namiji, game da matsin rayuwa? Ana cikin maganar wani, sai ka ji saurayi ya fara maganar kansa, wani ya ce ni ma haka. Waɗanda suka shiga sun ba da rahoton raguwar alamun damuwa. Haka wani bawan Allah, Lorenzo Lewis, ya kafa Confess Project a jihar Arkansas a 2016, yana koya wa masu aski yadda za su saurari abokan cinikinsu su kuma nuna musu inda za su nemi taimako. Da na ji waɗannan sai na ce ai majalisa ce. Mu maza ba mu saba a zaunar da mu a ce faɗi damuwarka ba. A kan benci muke faɗa, ana shan shayi ana gardamar ƙwallo, magana ta zame ta fito. Abin da ka rasa ke nan tun da ka bar gida, kuma na'ura ba za ta maye maka shi ba, domin daɗin majalisa shi ne wani ya ce ni ma ya taɓa faruwa da ni. Ka tambaya ko makarantarku tana da irin wannan rukuni na maza baƙaƙen fata, ko tana cikin Togetherall, dandalin da ɗalibai ke tattaunawa ba da sunansu ba ƙarƙashin kulawar ƙwararru.

A Zariya kai Bahaushe ne, ɗan gidan wane, jikan wane. Sai da ka sauka daga jirgi ka zama baƙar fata, ba wanda ya koya maka yadda ake ɗaukar wannan kaya. Abin da ya faru a kanti da wanda ke faruwa a aji ba ƙirƙirarsu ka yi ba, kuma irin wannan ƙananan cizo, da ba ka da hujjar kai ƙara a kansu, su ne ke cin mutum a hankali. Akwai waɗanda suka gaji sanin wannan hanya tun kaka da kakanni, su ne baƙaƙen Amurka da ke makarantarku. Wasu 'ya'yanmu in sun je can sukan ja baya da su. Kar ka yi wannan kuskure. Ka leƙa ƙungiyar ɗalibai baƙaƙen fata, da ta 'yan Afirka, da ta Musulmi. Minesota cike take da Musulmi 'yan Somaliya, da wuya ka rasa sahun Juma'a.

Shakkar da kake yi wa Baturiya ma tana da tushe, su kansu baƙaƙen can suna da ita. Ba su manta da Tuskegee ba, inda daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta bar ɗaruruwan maza baƙaƙe da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda zai ƙare da su. Kuma har yau baƙaƙen fata ba su wuce 4 zuwa 5 cikin 100 na masanan halayyar ɗan Adam a Amurka ba. A ƙaramin gari irin naku da wuya ka samu ko ɗaya. To a nan ne intanet ta yi rana, domin ta faɗaɗa maka kasuwa daga gari ɗaya zuwa jiha guda. Shafin Therapy for Black Men yana da jerin ƙwararrun da ke aiki da maza baƙaƙe. Cibiyar Khalil Center, da ta faro daga yankin Shikago, tana haɗa ilimin halayyar ɗan Adam da tarbiyyar Musulunci kuma tana ganin mutane ta bidiyo. Naseeha layin waya ne na Musulmi da ke amsa kira daga Kanada da Amurka. Kafin ka fara da na waje, ka tambaya ko suna da lasisin jiharku kuma ko inshorarka ta ɗalibi za ta biya.

Sai dai kar neman wanda ya yi kama da kai ya zama dalilin jinkiri. Wanda ka fara samu, ka fara da shi. In Baturiyar ce, ka tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa aiki da ɗaliban Afirka ko Musulmi. Ka gaya mata cewa a wajenmu ɗa ba ya cewa rayuwata tawa ce ni kaɗai, kuma addu'a tana cikin maganinka. Ta kirki za ta saurara ta koya. In kun zauna sau biyu ko uku ka ga ba ta jin ka, ka nemi a sauya maka. Haƙƙinka ne, kuma sun saba.

Kan sirri, ka fi amincewa da hanyar da ta biyo ta makaranta ko asibiti a kan wadda ka gani a talla. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp biyan dala miliyan 7.8 bisa zargin miƙa bayanan masu neman taimako ga kamfanonin talla irin su Facebook. Manhajar da ba ta asibiti ba, ba lallai dokar sirrin mara lafiya ta hau kanta ba. Kuma kar ka zuba cikinka a buɗaɗɗen shafi ko a zauren WhatsApp na 'yan garinku.

Jikinka ma a duba shi. Ka ce abin ya fara ne da shigowar sanyi, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Minesota cikin Disamba rana takan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, hasken yini bai kai awa 9 ba, kai kuwa ka taso inda ba ya gaza awa 11. Akwai nau'in ciwon damuwa da ƙarancin haske ke tayarwa, har ana jinyarsa da wata fitila ta musamman da ake zama gabanta kamar minti 30 da safe. Baƙar fata kuma ba ta saurin haɗa bitamin D a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi. Ka je asibitin makaranta ka gaya wa likita duk abin da ka gaya mini, ya auna jininka, ya duba bitamin D da maƙoƙo, domin matsalarsu takan yi kama da damuwa. Kullum tsakar rana ka sa rigar sanyi ka fita ka taka, ko na minti 20 ne. Da dare wayar ta kwana nesa da gado. In likita ya rubuta maka magani kar ka firgita, ba dangin tiramol ko kodin ba ne, ba ya bugarwa. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ji aikinsa sosai, ba a kuma yanke shi rana ɗaya. Ga 'yan ƙasa da shekara 25, makonnin farko suna bukatar sa ido, don haka ka gaya masa maganar nan ta kar ka farka tun ranar farko, kuma in tunanin ya ƙaru ka koma wurinsa a ranar.

Na bar Mama a ƙarshe don ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ka ce kana gudun ta ji muryarka ta gane. Ɗana, ta riga ta gane. Uwar da ɗanta ya yi wata biyu yana ce mata yana laburare ta san akwai magana, abin da ba ta sani ba shi ne girmanta, kuma zuciyarta tana saƙa mata abin da ya fi gaskiyar muni. Tsakaninku awa 7 ne a wannan lokaci na hunturu. Ƙarfe 2 na daren da kake kwance kana rubuta wa na'ura, ƙarfe 9 na safe ne a Zariya, tana zaune a tsakar gida da wayarta a gefe. Ba sai ka ambaci sunan ciwo ba in kana ganin zai tayar mata da hankali. Ka ce, Mama, ba na jin daɗi kwanakin nan, ba na barci, zan ga likita, ki sa ni a addu'a. In kuka ya zo ka bar shi ya zo. Yadda za a gaya wa Baba da lokacin da za a gaya masa, ka bar mata, ta fi ka sanin mijinta.

Gobe da safe, kafin komai, ka buɗe manhajar makarantar ko ka tura wa ofishin saƙo. Layi biyu sun isa: wata biyu ba na barci, ba na cin abinci, ina kasa zuwa aji, kuma wani lokacin ina jin da ma kar in farka, ina so a gan ni yau. Wannan jimla ta ƙarshe kar ka goge ta, ita ce za ta sa ba za a saka ka a layin jira ba. Daga nan ka nemi ganin DSO kafin ranar rufe janyewa daga kwas ta wuce. Ka kuma zaɓi mutum ɗaya a garin nan, abokin ɗaki ne ko wanda kuke haɗuwa a masallaci, ka ba shi lambarka ka ce in ya kwana biyu bai gan ka ba ya zo ya buga ƙofa.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya yaye maka. In ka yi zaman farko ka sake rubuto mini, ko layi ɗaya ne, ina jira.

Kawunka